Babi na Shida: Gwanayen da Ke Karanta Itacen Dutse

Duk wanda ya tashi a Gazawa, ko Mayahi, ko ƙasar Gidan Rumji, ya san Gulbin Kaba. Kwari ne mai faɗi, a wasu wurare sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya haye daga wannan gaɓa zuwa waccan, cike da goriba da gonakin hatsi, amma a mafi yawan tsawonsa ruwa ba ya gudu. Ɗan'uwansa Gulbin Maraɗi, wanda ke shigowa daga Jibiya ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji sannan ya koma Najeriya, shi yakan kawo ruwa 'yan watanni a damina, sai ya ƙafe. Ruwan da ake samu yau a wannan yanki, wajen milimita 500 a shekarar da Allah ya yi wa albarka, ba zai iya haƙa kwari irin na Kaba ba. Ke nan an yi wani zamani da ruwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Yaushe ne? Wane irin daji ne ya sha wannan ruwa, kuma me ya kawar da shi?

Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu kan irin waɗannan tambayoyi. Su ne masana burbushin tsirrai, masu bin sawun itatuwa da ciyayin da suka shuɗe ta hanyar abin da suka bari a cikin dutse da laka da gawayi. Ba su da yawa a duniya, a Afirka ta Yamma kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Masu tono ƙasusuwan manyan dabbobin dā su ne ke shiga rediyo da talabijin, domin haƙori mai tsawon kamu ya fi guntun ice ɗaukar ido. Ni kuwa ina ganin masu guntun icen sun fi kusa da rayuwar manomi, kuma yabonsu ya zama dole a kanmu fiye da yadda muka sani.

A fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Mai haƙar rijiya a kan tudu, a ƙasar Agye ko arewacin Gidan Rumji, ya san jerin abin da zai tarar. Da farko rairayin jigawa ne mai zubewa, wanda in ba a yi maza an ɗaure shi da siminti ba zai rufta. Daga nan sai jar ƙasa, sai a wasu wurare a ci karo da tsakuwa mulmulalliya, sumul, wadda ba abin da ke yi mata haka sai ruwa mai gudu da ya daɗe yana mirgina ta. Can ƙasa kuma, bayan an sauka gaba ashirin ko talatin, kwandon da ake jawowa yakan fara fitowa da dutsen yashi da yumɓu masu launi-launi, fari da ja da shuɗi-shuɗi. Wannan shimfiɗa ta ƙasa ita ce masana ke kira Continental Hamadien, kuma daga cikinta yawancin rijiyoyin burtsatse na jihar Maraɗi ke jan ruwa. Koguna ne suka zuba ta a zamanin Kiretashiyas, wanda ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. Wani Bafaranshe masanin duwatsu, Jacques Greigert, shi ya yi cikakken bayanin waɗannan shimfiɗu na kwarin Iwillimmidan a littafinsa na 1966. Kafin shi, a 1931, Conrad Kilian ya raɗa wa tsofaffin 'yan'uwansu da suka mamaye Sahara suna Continental intercalaire.

A inda waɗannan duwatsu suka fito fili, ba sai an haƙa ba, a nan ake ganin abin mamaki. A gindin tsaunin Tigidit, kudu da Agadas, da kewayen Marandet da Ingal, akwai gungumen itatuwa kwance a ƙasa, da jijiyarsu da gurbin rassansu, amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji dutse. Ba sai an je nesa haka ba ma. Ƙetaren iyaka kaɗan daga Gidan Rumji, a ƙasar Isa da Sabon Birni, akwai Dajin Gundumi da tarihin Gobir da Sakkwato ya sani sarai. Da sunansa aka kira wata shimfiɗar dutse, shimfiɗar Gundumi, kuma an daɗe ana tsintar itacen dutse a cikinta. Farfesa Cornelius Kogbe, masanin duwatsu ɗan Najeriya wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana bin kwarin Sakkwato, yana haɗa abin da ya gani da abin da Faransawa suka rubuta game da ɓangaren Nijar. Dutse bai san iyakar da Ingila da Faransa suka shata ba, kuma Kogbe na cikin waɗanda suka nuna cewa kwari ɗaya ne.

Yadda ice ke zama dutse ba sihiri ba ne, ko da yake sai an yi dace. Mafi yawan itatuwan da suka faɗi, gara da ruɓa ne ke cinye su cikin 'yan shekaru. Amma in ambaliya ta kwaso gungume ta binne shi nan take a ƙarƙashin yashi da laka, inda iska ba ta kai gare shi, ruɓa takan yi jinkiri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da narkakken sinadarin yashi sai ya riƙa tsatsowa cikin ƙananan kofofin icen, yana ajiye abin da ya ɗauko, sannu a hankali, har kowace ƙofa ta cika. A ƙarshe icen kansa ya tafi, amma siffarsa ta zauna daram, har zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani.

To, a nan aikin masani yake farawa, kuma aiki ne na mai haƙuri. Zai yanki ɗan guntu da zarto mai bakin lu'ulu'u, ya goge fuska ɗaya ta yi sumul, ya manna ta a kan gilashi, sannan ya shiga niƙa ɗaya fuskar da garin goga, yana zuba ruwa, yana dubawa, har dutsen ya fi ɓawon albasa siranta, wajen kashi 3 cikin 100 na milimita, haske na ratsa shi. In ya yi gaggawa ko ya danna da ƙarfi, aikin yini ya wanke a ruwa. Kuma ba yanka ɗaya ake yi ba, uku ne: ɗaya a gicciye, biyu a tsaye ta fuskoki daban, domin kowane yana nuna wani abu. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ga layukan ƙwayoyi a jere, da 'yan ɗige-ɗigen da ke jikin bangonsu. Daga tsarin waɗannan ɗige-ɗige ake gane dangin itacen. Daga zoben da ke cikinsa kuma ake gane yanayi: in zoben ya fito sosai, itacen ya rayu inda ake damina da rani, in ya dushe, ruwa bai cika yankewa ba. Tun wajen 1830 aka ƙago wannan dabara a Sikotilan, a hannun William Nicol da Henry Witham, kuma har yau ba ta sake sosai ba.

Mutumin da ya fi kowa yin wannan aiki a kan itatuwan Sahara shi ne Édouard Boureau, Bafaranshe, wanda aka haifa a 1913 ya rasu a 1999. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 ya riƙa fitar da jerin rubuce-rubuce kan guntayen da masu yawon binciken duwatsu ke kawo masa daga hamada. Abin da shi da almajiransa suka gano shi ne, da yawa daga cikin waɗannan gungume na dangin wasu dogayen itatuwa ne marasa fure, waɗanda 'yan'uwansu na kusa a yau sai a Kudancin Amurka da Ostireliya da tsibiran da ke kewaye da ita. Babu gawo a lokacin, babu kuka, babu ko ciyawar da muka sani ta rufe ƙasa. A ƙarƙashin irin waɗannan itatuwa ne wata babbar dabbar dā da aka tono ƙashinta a Gadufawa, mai haƙora sama da 500, ta yi kiwo shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce, tana yagar ƙananan tsirrai masu taushi a bakin kogi. Wanda ya tono ƙashinta ya san siffarta, amma abin da ta ci sai an tambayi masanin tsirrai.

Akwai ma dajin da ya girmi wannan nesa. Gawayin ƙasa da kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, wanda ke ba Arlit da Agadas wutar lantarki tun farkon shekarun 1980, ragowar tsirran fadama ne da suka rayu sama da shekaru miliyan 300 da suka wuce. Duk wanda ya kunna fitila a Agadas, da wancan daji yake gani.

Sai dai itacen dutse ya yi nisa da tambayar Gulbin Kaba. Shi yana maganar miliyoyin shekaru, kwarin kuwa maganar dubbai ce. Amsarta tana wurin wani abu da kowane manomi ya sani: bununi. Wanda ya taɓa ratsa gonar hatsi da safe lokacin da zangarniya ta yi fure ya ga yadda yake manne wa riga. Kowane irin tsiro da siffar ƙwayar bununinsa, kuma ɓawon ƙwayar yana da taurin da ko ruwan batir ba ya cin sa. In iska ta kai shi tabki ya nutse cikin laka, yana iya shekara dubu goma yana nan. Masani sai ya kafa bututu a tsakiyar tabkin, ya zaro lakar a tsaye, ta ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama sabuwa. Ya ɗebi ɗan kaɗan daga kowane mataki, ya narkar da yashi da laka da sinadarai masu haɗari, ya zauna yana ƙirga ƙwayoyin da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ɗari-ɗari a kowane mataki. Wani mutumin Suwidin, Lennart von Post, shi ya fara nuna wa duniya wannan hanya a 1916.

A nan nake so mai karatu ya riƙe suna ɗaya: Margaret Adebisi Sowunmi. A Kano aka haife ta, a 1939. Ta yi karatun tsirrai a Ibadan, ta tafi Suwidin ta zauna a gaban Gunnar Erdtman, wanda a zamaninsa ba wanda ya kai shi sanin bununi, ta dawo ta kammala digirinta na uku a 1967. Da ta so, da ta tsaya kan tsirran Turai waɗanda aka riga aka tattara aka zana. Ita kuwa sai ta ɗauki aikin da ba wanda zai tafa mata a kai: bin itatuwan Najeriya ɗaya-ɗaya, tana tsinkar furensu, tana zana siffar bununin kowanne, domin ba yadda za a yi ka gane tsohuwar ƙwaya in ba ka da sabuwa da za ka gwada ta da ita. A kan wannan tushe ta gina sauran. Daga lakar yankin Neja Delta ta nuna cewa bununin kwakwar manja ya yi tsalle wajen shekaru 2,800 da suka wuce, ta danganta hakan da hannun manomi da ya fara sare kurmi. Tare da Kogbe, a 1975, sun buga nazari a mujallar Savanna ta Zariya, inda suka yi amfani da bununi wajen kimanta shekarun shimfiɗar dutsen Gwandu. Ita ce ta kafa ƙungiyar masana bununi ta Najeriya, ta yaye ɗalibai da su ma suka yaye wasu. A 2003 Jami'ar Uppsala ta Suwidin ta ba ta digirin girmamawa. Ya kamata 'yan matan Kano da Maraɗi da ke karatun kimiyya su san cewa wadda ta buɗe wannan fage a yankinmu mace ce, kuma a cikin ƙasar Hausa ta fara buɗe ido.

Wasu suka ɗora a arewa. Jean Maley ya yi dogon aiki kan lakar Tabkin Cadi, ya fitar da shi a 1981. Ulrich Salzmann da Martyn Waller sun zaro laka daga ƙananan tabkunan da ke tsakanin tuddan yashi a ƙasar Manga, arewacin jihar Yobe, suka buga sakamakonsu a 1998, sannan Salzmann ya yi irin wannan a Tabkin Tila kusa da Biu. Katharina Neumann ta Jami'ar Frankfurt ta bi gawayin murhun mutanen dā har Fachi, tsakiyar Tenere, ta gane itatuwan da suka ƙona. Idan aka haɗa aikinsu, hoton da ke fitowa shi ne: daga wajen shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ruwa ya wadata har cikin Sahara. Tabkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000. Itatuwan da yau sai ka gangara kudu sosai kake ganinsu sun hauro arewa da ɗaruruwan kilomitoci. Irin wannan zamani ne ke cika kwari irin na Kaba. Daga baya ruwan ya ja baya, kuma a ƙasar Manga lakar ta nuna bushewa mai tsanani wajen shekaru 3,300 da suka wuce.

A Gobero, cikin Tenere, inda ayarin Paul Sereno ya gano wata tsohuwar maƙabarta a bakin ƙafaffen tabki a shekarar 2000, an tarar da kabarin wata mace da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna, shekaru wajen 5,000 ke nan. Da aka duba ƙasar kabarin sai aka ga bununi a dunƙule, alamar an shimfiɗa musu furanni. Wata Ba'italiya, Anna Maria Mercuri, ita ta yi wannan duba, kuma cikin waɗanda suka sa hannu a rahoton na 2008 akwai 'yan Nijar biyu masana tarihin dā, Umaru Ide da Abdullahi Maga. Hatsin da muke ci ma, masu duba burbushin tsirrai ne suka faɗa mana shekarunsa. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali sun ga sawun ƙaiƙayinsa a jikin tsofaffin tukwane, inda magina suka cuɗa shi da yumɓu, suka tabbatar ana nomansa tun shekaru wajen 4,500.

Me wannan ilimi ya ƙara wa manomin Ɗan Saga ta ƙasar Agye? Ya wanke shi daga wani tsohon zargi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1934 wani malamin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, Edward Stebbing, ya ratsa yankin iyakar Nijar da Najeriya da rani, ya koma gida ya yi shelar cewa Sahara na gangarowa wajen kilomita guda kowace shekara, kuma gatarin manomi da wutarsa da bisashen makiyayi su ne sila. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar a 1936 da 1937 bai ga abin da Stebbing ya faɗa ba, amma maganar ta riga ta zauna a zukatan ma'aikata. Dokar daji ta mulkin mallaka ta 1935 ta mai da itace na hukuma, kuma shekara da shekaru talaka na kallon gawon gonarsa a matsayin abin da zai jawo masa tara. Lakar Tabkin Tila ta ce maganar Stebbing ba haka take ba. Ko a lokacin da ruwa ya fi yawa, wurin bai taɓa zama rufaffen kurmi ba. Daji ne mai ciyawa da itatuwa, wuta na cinsa tun kafin noma ya yi ƙarfi. Babban mai juya daji a Sahel shi ne ruwan sama.

Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin sara. Waɗanda suka ga 1973 da 1984, shekarar da mutanen nan ke kira El Buhari, sun san yadda gonaki suka koma fili fetal, iska na binne shuka sau biyu sau uku, mata na tafiyar yini neman icen girki. Fari ne ya kawo wannan, amma hannu ya taya shi, har da koyarwar malaman gona ta cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke kowane kututture. Abin da ilimin burbushi ke cewa shi ne, itatuwan wannan ƙasa sun saba da tafiya da dawowa, sun ga farin da ya fi wanda muka gani, kuma in an ba su hanya suna komowa. Manoman Maraɗi sun tabbatar da haka da hannunsu. Daga 1983, lokacin da wani mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki rassan kututturan da ba su mutu ba ne, sassaben zamani ya bazu daga gona zuwa gona: a bar wa sabara ko kalgo reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, don kada wani ya zo da dare ya sare. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasa Mahamane Larwanou suka yi ya kimanta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Mu dawo kan yabo. Masana burbushi suna da nasu hanyoyin girmama gwani. Ta farko ita ce suna. A 1937 William Lang ya raɗa wa wani ɗan tsiro marar ganye, wanda bai kai tsawon yatsa ba, ɗaya daga cikin na farko da suka hau tudu shekaru wajen miliyan 430 da suka wuce, suna Cooksonia, don girmama abokiyar aikinsa Isabel Cookson ta Ostireliya. Dabbar Gadufawa ma, da aka raɗa mata suna a 1999, Nigersaurus taqueti aka kira ta: rabin farko na ƙasar Nijar, na biyu na Philippe Taquet wanda ya fara tono a wurin a shekarun 1960. Irin wannan suna ba ya gogewa. Duk wanda zai yi rubutu kan abin, a kowane harshe, sai ya ambace shi. Hanya ta biyu ita ce lamba. A Turai, tun 1994, ana ba da lambar Jongmans, mai sunan wani masanin tsirran gawayin ƙasa ɗan Holan, ga wanda ya tsufa a fagen da aiki nagari. A Amurka akwai kyautar Isabel Cookson ga ɗalibin da ya fi gabatar da bincike mai kyau a taron shekara, kuma wannan ta fi burge ni, domin tana zuwa lokacin da mutum ke tsakanin ci gaba da bari.

Amma girmamawar da ta fi duka, a ganina, ita ce wadda Indiya ta yi wa Birbal Sahni. Ya yi karatu a Kambirij, ya dawo gida ya riƙe sashen tsirrai na Jami'ar Lucknow daga 1921, ya yi ta kai-komo a tsaunukan Rajmahal yana tono tsirran dā. Ya ga yadda ake kwashe burbushin ƙasarsa zuwa Landan, ɗan Indiya sai ya hau jirgin ruwa kafin ya ga abin da aka tono a bayan gidansu. A 1946 shi da matarsa Savitri suka kafa cibiyar bincike da kuɗinsu da littattafansu da duwatsun da ya tara, a ɗaki guda cikin jami'ar. Ranar 3 ga Afrilu 1949 Firayim Minista Nehru ya aza harsashin gininta. Mako guda bayan haka, ranar 10 ga wata, Sahni ya rasu. Savitri ta riƙe cibiyar wajen shekara ashirin, gwamnati ta ɗauki nauyinta, kuma yau tana nan da sunansa, tana cikin manyan wuraren wannan ilimi a duniya, ɗalibai na shiga suna fita da digiri. Lamba takan ƙare a cikin akwatin iyalin mai ita. Ɗakin bincike kuwa kowace shekara sai ya haifi wani masanin.

Akwai kuma waɗanda ba a cika kiran sunansu ba, alhali su ne suka fara gani. Buzaye makiyaya sun san wuraren ƙasusuwa da gungumen dutse na Tenere da Irhazer tun kafin wani Bature ya zo, kuma su ne suka riƙa nuna hanya. A 1987, a Dufuna ta jihar Yobe ta yanzu, wani Bafulatani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya don shanunsa sai ya ci karo da ice mai tauri a zurfin mita 5. Bai farfasa ya wuce ba, ya kai magana ga hukuma. Da Peter Breunig na Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka fito da shi a shekarun 1990, sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, na itacen dangin maɗaci, mai shekaru wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Shi Malam Ya'u an yi dace sunansa ya shiga tarihi. Ya kamata ya zama ƙa'ida: duk abin da aka kai gidan tarihi ko jami'a, a rubuta sunan wanda ya tsinta, da garinsu, da zurfin da ya same shi, a jikin takardar da za ta zauna tare da abin. Wannan ba karamci ba ne kawai. Guntun itacen dutse da ba a san inda aka ɗauko shi ba, rabin amfaninsa ya tafi, shi ya sa wanda ake ɗauka a hamada a sayar wa baƙi don ado ya zama asara ga kowa, ga kuma dokar Nijar ta 1997 ta kare kayan tarihi da ta hana.

Maraɗi tana da jami'a tun 2010, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da masana tsirrai da na duwatsu, ga kuma cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna. Abin da ake buƙata don fara wannan aiki bai kai kuɗin rijiyar burtsatse biyu ko uku ba: madubin ƙara girma mai kyau, zarto da injin goga, ɗaki mai bututun fitar da hayaƙin sinadarai, da kabad mai aljihuna. Aikin farko shi ne irin wanda Sowunmi ta yi, tattara bununin itatuwan gida. Gawo da ke fure bayan damina lokacin da sauran ke kaɗe ganye, kalgo, sabara, aduwa, magarya, kanya, ɗorawa, goriba, da waɗanda suka yi wuya yanzu sai a dajin Baban Rafi ko Ɗan Kada Dodo. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da tsofaffin manoma da mata masu tsinkar ganye, waɗanda suka san watan da kowane itace ke fure da kwarin da ya saura. Bayan haka sai a nemi laka da ba ta bushewa, a Tabkin Madarunfa da fadamun gulaben biyu, a gwada ko ta riƙe bununi, sannan a roƙi kamfanonin haƙar burtsatse su riƙa ajiye ɗan samfuri daga kowane mita biyar, da lambar zurfi a jiki, maimakon a bar shi tsibi a bakin rami.